Likita, me ya sa suka rage wa maigidana mofin?

Tambaya: Salam likita, maigidana ne wuta ta ƙona a hannu da ƙirji, yau kwanansa 12 a asibiti. Da allurar mofin suke masa, yanzu sun rage sun haɗa masa da farasitamol da wani wai gabapentin, in aka zo wankin ciwo wallahi fita nake saboda ihunsa. Rowar magani ce ko me?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ba rowa ba ce. Mofin na taimakawa sosai a kwanakin farko, amma in aka daɗe jiki sabawa yake sai an ƙara kafin ya ji, ga bushewar ciki ga danne numfashi, wani ma maganin ne da kansa ke ƙara masa jin zafi. Shi ya sa ake haɗa magunguna kowanne ya tare ta nasa ɓangaren, farasitamol a kan lokaci kar ya wuce giram 4 a rana, gabapentin kuma na zugin jijiya ne da ƙaiƙayin nan mai hana barci in fata ta fara warkewa. Ibuprofen kam kar ki sayo masa da kanki, mai ƙuna ya rasa ruwa a jiki, yana iya taɓa ƙoda.

Ihun nan ne ya tsaya min a rai gaskiya, bai kamata a bar shi haka ba. Zafin da yake ji a kwance daban, na lokacin ɓare bandeji daban, kowanne da shirinsa. Ki samu nas ɗin ki roƙa a ba shi maganin sha kamar minti 30 zuwa awa ɗaya kafin a fara, a jiƙa bandejin ya saki da kansa ba a fizge shi a bushe ba, ki kuma tambayi likitan ko za a iya masa ketamin, wani maganin kashe zafi, ɗan kaɗan lokacin wankin, don bai cika danne numfashi kamar mofin ba.

Tsoro ma na ƙara zafi. A Jami'ar Washinton ta Amurka har tabarau na kwamfuta suke saka wa masu ƙuna, suna ganin kamar suna wasa cikin dusar ƙanƙara ana musu wankin ciwo, don a ɗauke musu hankali. Ke ki sa masa abin ji a kunne, ki riƙe hannunsa mai lafiyar, a bar shi ya ce a dakata in ya kasa.

Mofin ɗin da ya rage kuma a hankali za a janye, in aka yanke lokaci ɗaya sai ki ga zufa da rawar jiki da gudawa.