Ki je, amma ki zauna ta hagu: amsa kan sauraron fiyano a Landan

Ƙanwata, sannu da zuwa Landan, Allah ya ba da sa'ar karatu. Kin ce abokiyar karatunki ta ba ki tikitin Wigmore Hall, inda mutum ɗaya zai kaɗa fiyano kusan awa biyu, ba waƙa ba ganga, kina tsoron kada barci ya kunyata ki a gaban mutane. Kin kuma nemi kowa ya faɗi gwaninsa cikin masu tsara irin wannan kiɗa. Ni dai na daɗe ina zuwa, kuma shawarata ki je. Kin ma yi dace da wurin farawa.

Zauren ƙarami ne, kujerunsa 550 da 'yan kai. Kamfanin Bechstein na Jamus mai ƙera fiyano ne ya gina shi a 1901. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke aka ƙwace kadarorin Jamusawa, sai aka sake buɗe shi a 1917 da sunan titin da yake kai. Ƙanƙantar nan ita ce darajarsa, don ba a sa lasifika, abin da ya fito daga cikin katakon shi ne zai iso kunnenki.

Ga dalilin da ya sa nake cewa jin fiyano a waya da jin sa a zaure ba ɗaya ba ne. A cikinsa akwai tsirkiyoyin ƙarfe sama da 200. Duk maɓallin da aka danna cikin 88 ɗin nan, wata 'yar guduma ce mai kan ulu take tashi ta bugi tsirkiya ta koma. Daga wannan bugu sautin sai raguwa. Mai goge ko mai busa yana iya riƙe sauti ya ƙara masa ƙarfi, mai fiyano ba shi da wannan dama. Gwanintarsa ita ce ya shigo da sauti na gaba daidai inda na baya ya ragu ya kai, har kunne ya ɗauka murya ce guda take tafiya ba yankewa. Wannan aiki a wuraren da aka sassauta yake, kuma su ne suke fara ɓacewa in kina ji da abin kunne a cikin jirgin ƙasa. A zaure kuwa za ki ji sauti ɗaya ya tashi, ya yi ta siririncewa, mutum ɗari biyar suna bin sa ba mai motsi. Abin da nake biyan kuɗi in ji ke nan, ba gudun yatsu ba.

In za a iya canza miki kujera, ki nemi ta hagu. Makaɗin yana zama ne ta hagun dandali yana fuskantar dama, don haka na hagu su ke ganin hannuwansa. Masu kunne suna cewa sauti ya fi cika daga tsakiya zuwa dama, kuma da gaskiyarsu, amma a zuwan farko ido yana taimakon kunne. Ki riƙa leƙen ƙafarsa ta dama ma. Fedar da yake takawa tana ɗage abin da ke danne tsirkiyoyi, sai duk cikin fiyanon ya ɗauki amo. Gwani ba ya take ta ya bari, ƙafar tana ta ɗan rawa sama da ƙasa, wani lokaci rabi kawai yake dannawa.

Maganar ladabin wurin ba ta da yawa. Kiɗa mai tsawo irin sonata kashi uku ne ko huɗu, kuma ba a tafi a tsakaninsu. Ki jira sai ya sauke hannu ya miƙe. Ki kashe waya ɗungurungum. In kina da tari ki ɓare alewarki tun kafin a fara, don ƙarar leda a wurin nan sai ta ishi kowa. Wanda ya makara a waje zai tsaya sai an kai ƙarshen wani kiɗan. Na yamma ƙarfe 7:30 suke farawa, sai ki duba inda magariba ta faɗa, tunda kin ga yadda lokacinta ke yawo a ƙasar nan. Tufafi kuwa, atamfarki da mayafinki sun wadatar. Batun barci, in ya ɗauke ki ba ke ce farau ba, tsofaffin da suka shekara arba'in suna zuwa ma suna gyangyaɗi. Kuma kada ki yi saurin tashi in an gama. In tafi ya yi tafi, makaɗin yakan dawo ya yi wa mutane gyara kamar mai awo a kasuwa, ɗan gajeren kiɗa da ba ya cikin takardar shiri, kuma sau da yawa a nan ne yake sakin jiki.

Yanzu ga gwanaye, inda na san za a yi mini ca a nan.

Kusan kowa da Chopin yake farawa, kuma ba laifi. Ɗan Poland ne, an haife shi a 1810, ya yi rabin rayuwarsa a Faris, ya rasu a 1849. Duk abin da ya tsara da fiyano a ciki. Shi kansa bai son babban taro, wasannin da ya yi a bainar jama'a duk rayuwarsa kusan 30 ne kawai, ya fi son falo da mutane kaɗan. Shi ya sa kiɗansa yake zama daram a ƙaramin zaure. Waɗanda ya kira nocturne, na dare, su suka fi saurin shiga rai. Ni na fi son mazurka ɗinsa, masu tushe a rawar ƙauyukan ƙasarsu, saboda wata 'yar ɗingishi da ke cikin bugunsu wadda ba kowane makaɗi yake iya fitarwa ba. Matsalar Chopin ita ce masu zuba masa sukari, su yi ta jan kowane layi har ya gundure ki.

Amma in aka ce in ɗauki mutum ɗaya, Schubert zan ɗauka. Ɗan Ostiriya ne, ya rasu a Nuwamba 1828 yana da shekara 31. Wata biyu kafin nan ya kammala sonata uku na ƙarshe, kuma sai da aka yi kusan shekara goma da rasuwarsa aka buga su. Ta ƙarshen, mai lamba D 960, ita ce tawa. Tana farawa da wani sassauƙan salo mai natsuwa, kamar ba abin da ke damun duniya. Ana cikin haka sai hannun hagu ya gangara can ƙarshen maɓallai ya yi wata 'yar gurnani ƙasa-ƙasa, sannan komai ya tsaya cik. Sai salon ya dawo kamar ba a yi ba. Amma ke kin riga kin ji, kuma ba za ki sake amincewa da natsuwar nan ba har a gama. A waya gurnanin nan da ƙyar ake jin sa, a zaure kuwa ta ƙirji yake shiga. Masu cewa Schubert ya cika maimaici ban musa musu ba, kashin farko kaɗai yakan ci minti ashirin. Sviatoslav Richter, makaɗin Tarayyar Sobiyet, har ƙara rage masa gudu yake yi, kuma ni ina bayansa. Richter ɗin ne wanda a ƙarshen rayuwarsa yake sa a rage fitilun zaure, a bar masa ƙaramar fitila a kan takardar kiɗa, don mutane su daina kallonsa su saurara.

Beethoven na Jamus yana da sonata 32. Kowa ya san farkon wadda ake dangantawa da hasken wata, amma in kin ga ta 32 a takardar shiri kada ki bari ta wuce ki. Ya gama ta a 1822, lokacin kurumta ta riga ta ci ƙarfinsa. Kashi biyu ce kawai, kuma a tsakiyar na biyun akwai wani wuri mai tsalle-tsalle da za ki rantse jaz ne, wato kiɗan baƙaƙen Amurka, alhali saura shekaru da dama a san wani abu jaz.

Bach, shi ma ɗan Jamus, sai da na daɗe kafin ya kama ni. Shi yakan sa muryoyi uku ko huɗu su yi tafiya lokaci guda a hannu biyu, wannan ta fara, waccan ta biyo ta da salo iri ɗaya. Dabarar ita ce ki zaɓi murya ɗaya, ko da ta ƙasa ce, ki bi ta. Liszt na Hangari kuwa, masoyansa su yi haƙuri. Na yarda shi ya buɗe wannan hanya ta mutum ɗaya ya riƙe taro shi kaɗai da fiyano, a nan Landan ma ya yi haka a 1840, kuma kallon yatsu a kiɗansa abin mamaki ne. Sai dai in na fito ba na tafiya gida da komai. Debussy na Faransa shi ne akasinsa, feda da amo ne rabin aikinsa, kuma ya ƙaru da gamelan, kiɗan ƙarafa na tsibirin Java, da ya ji a baje kolin Faris na 1889.

Kada kuma ki ɗauka duk harkar ta Turawa ce. Ayo Bankole, wanda aka haifa a Jos a 1935, ya tsara wa fiyano sonata. Akin Euba da Joshua Uzoigwe sun yi aiki a kan yadda fiyano zai yi magana irin ta gangunan Afirka. Rebeca Omordia, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne mahaifiyarta 'yar Romaniya, ta kafa jerin wasannin kiɗan Afirka a Landan a 2019, kuma ana kawo su wannan zauren da za ki.

Kafin ranar, ki karɓi jerin abin da za a kaɗa, ki zaɓi guda ɗaya ki ji shi sau biyu ko uku, sauran ki bar su su zo miki sababbi. In abin ya yi miki, 'yan ƙasa da shekara 35 suna samun tikitin fam 5 a wasu wasannin, akwai kuma na awa ɗaya ranar Litinin da ƙarfe 1:00 na rana, wanda BBC Radio 3 ke watsawa, da na safiyar Lahadi da 11:30. Turo mana jerin a nan in kin samu, in gaya miki wanda za ki fara ji.