Wace wuƙa ta dace da injin sassabe wurin sarƙaƙiya da ƙananan itatuwa?

Tambaya: Malam, ina da fili da ya shekara uku ba a taɓa shi ba. Sarƙaƙiya ta cinye shi, ga kuma 'yan itatuwa sun fito, wasu kaurin ɗan yatsa, wasu sun kai wuyan hannu. Na gwada zaren nailan ya yi ta tsinkewa. Wace wuƙa guda ɗaya zan saya ta gama min aikin?

Amsa: Malam, aiki biyu ne a gabanka, kuma wuƙa ɗaya ba za ta yi su duka yadda ya kamata ba. Zaren nailan kuwa na ciyawa mai laushi ne, ka ajiye shi.

Ita sarƙaƙiya matsalarta ba tauri ba ne, naɗewa ce. Idan ka sa mata faifan zarto mai haƙora 40 ko 80, zai yanke gindin, amma rassan su zauna a sarƙe kamar ba a taɓa su ba, wasu ma su nannaɗe kan injin. Abin da take so shi ne wuƙa mai baki uku, mai faɗin milimita 250 zuwa 300, domin da duka take sara, nauyinta ne ke karya reshe. Akwai kuma mai baki biyu da aka lanƙwasa bakinta ƙasa. Ni ita na fi so a ƙaya mai duhu, saboda tana daddatsa rassan ƙanana. Daga sama za ka fara, kana saukar da wuƙar kaɗan-kaɗan har ƙasa, kada ka kutsa gindi kai tsaye tulin ƙaya ya rufto maka. Mai baki ukun za ta iya da tsiron da bai wuce santimita 2 ba. Abin da ya ɗara haka, duk saran da ka kai masa hannunka da giyar injin ne ke shan wahalarsa.

Itatuwan sai faifan zarto, mai faɗin milimita 200 zuwa 225, wanda ke cin itace har kaurin santimita 5 ko 6. Mai haƙoran kabayid, wani ƙarfe mai tsananin tauri, yana daɗewa bai dakushe ba, amma ya bugi dutse haƙori ya ɓalle, shi ke nan. Mai haƙora irin na sarƙar injin yanke bishiya kuwa kana iya wasa shi da magagari a cikin filin.

Ga inda nake so ka kula sosai. Ka ɗauki faifan tamkar fuskar agogo, 12 tana can gabanka. Kada ka taɓa itace da tsakanin 12 da 2, domin nan ne injin ke yin harbi, ya fizge zuwa dama kafin ka ankara. Yawancin waɗannan injina wuƙarsu hagu take juyawa, don haka daga dama zuwa hagu ake kai sara, kuma sai ka cika wuta kafin haƙori ya taɓa itace.

Ka duba injinka kafin ka sayi komai. Zarto na buƙatar miƙaƙƙiyar sanda, mariƙi irin kan keke, ɗamarar rataya, da injin da girmansa ya kai cc (ma'aunin girman inji) 35 zuwa 40. Injin da sandarsa ke lanƙwashe ba a ɗora masa ƙarfe. Ramin tsakiyar faifai milimita 20 ne ko 25.4, dole ya zauna daram, kuma gudun da aka rubuta a jikinsa kada ya gaza na injin. Notin da ke ɗaure wuƙar ma na hagu ne, wato dama ake juya shi a kwance, mutane da yawa sun lalata shi wajen kwancewa.

Kullum kafin ka tayar, rataye wuƙar ka ƙwanƙwasa ta da ƙarfe: lafiyayya za ta yi amo, mai tsagu kuwa ƙararta a dushe take, a yar da ita, ba a yi mata walda. Ka sa garkuwar fuska da takalmin but, kowa ya ba ka tazarar mita 15. Ka fara kwashe ƙayar tukuna, sai itatuwa da duwatsun da ke ɓoye su fito fili, sannan ka ɗaura zarto ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kana yankewa dab da ƙasa.