Abin da ya kamata ya tsallaka daga Wazuh zuwa Zabbix

Ɗana, saƙonka ya iso ni jiya bayan la'asar, na bari sai da na samu natsuwa kafin in amsa, domin ba tambayar da ake amsawa a tsaitsaye ba ce. Ka ce a wurin da aka tura ka akwai Zabbix da ya daɗe yana lura da lafiyar sabobinsu, ga kuma Wazuh da ka girka musu don tsaro, amma ba mai buɗe allonsa, idon kowa yana kan Zabbix. Shi ne kake so ka haɗa su, har kake cewa: "Oga, ba gara in tura duk gargaɗin Wazuh can ba, kada wani abu ya wuce mu?"

Tunanin haɗa su ya yi daidai, kuma na ji daɗi da ka lura da inda mutanen ke ajiye idonsu. Gargaɗin da ba wanda ya gani, da shi da babu duk ɗaya ne. Amma kada ka kuskura ka tura duka. In ka yi haka, kafin mako ya zagayo za su daina kallon jan layi gaba ɗaya, har da wanda ke cewa faifan ajiyarsu ya kusa cika, ka ga ka ɓata musu abin da ka tarar yana aiki.

Sai ka san halin kowanne kafin ka ɗaura musu aure. Zabbix kamar mai kula da janareta yake: yana duba zafi, yana duba mai, in zafi ya hau ya yi kira, in ya sauka ya ce an samu lafiya, ya rufe maganar da kansa. Wazuh kuwa maigadi ne. Shi abin da ya faru yake ba da labari: wani ya taɓa kwaɗo da ƙarfe biyun dare, wani ya sauya fayil ɗin da bai kamata a taɓa ba. Wanda ya taɓa kwaɗon ya tafi, amma tafiyarsa ba ta goge cewa ya zo ba. Yawancin haɗin da nake tararwa a lalace daga nan matsalarsa take: an zuba labarin maigadi a littafin mai janareta, sai Zabbix ya ga an yi shiru na minti biyar ya mayar da layin kore, gari ya waye ba wanda ya san an yi baƙo.

Wazuh, wanda ya samo asali daga wata manhajar tsaro mai suna OSSEC a 2015, yana ba kowace doka, wato ƙa'idar da ke tayar da gargaɗi, mataki daga 0 zuwa 15. Je ka buɗe fayil ɗin alerts.json da ke cikin /var/ossec/logs/alerts/ ka zauna ka kalle shi na rabin sa'a. Za ka ga doka ta 5715 tana ta fitowa, mataki na 3, ma'anarta kawai wani ya shiga ta SSH, hanyar shiga saba daga nesa, lafiya lau. Za ka ga ta 5710, mataki na 5, wani ya gwada shiga da sunan da babu shi. In sabar tana fuskantar intanet, wannan ba ya yankewa dare da rana, domin na'urori ne ke zagaya duniya suna ƙwanƙwasa kowace ƙofa. Idan gwajin ya kai sau takwas cikin minti biyu daga adireshi ɗaya sai doka ta 5712 ta tashi, mataki na 10. Ko ita ban yarda ta tashi mutum daga barci ba. Wadda nake so ta tashe shi ita ce irin ta 40112, mataki na 12: an yi ta kuskuren kalmar sirri, sannan daga wannan adireshin aka shiga. Wannan ƙofa ta riga ta buɗu.

Ni dai ga yadda nake rabawa. Abin da bai kai 10 ba ya zauna a gidansu, a Wazuh, mai bincike zai same shi ranar da ya buƙata. Na 10 da 11 su fito a allon Zabbix a matsayin matsakaiciyar matsala, a duba da rana. Daga 12 zuwa sama a kira wayar mai tsaron dare, wato ma'aikacin da ke kan aikin dare. Zabbix yana da matakan tsanani guda shida, daga wanda ba a tantance ba har zuwa bala'i, sai ka ba 12 da 13 na biyun ƙarshe, ka ajiye bala'i don 14 da 15. Wannan rabon mafari ne kawai. Bayan mako biyu ka zauna da mutanen wurin ku bi gargaɗin ɗaya bayan ɗaya, kana tambayarsu: da wannan ya zo, me kuka yi? Duk wanda amsarsa "ba komai" ce sau uku a jere, ka cire shi daga gadar, wato haɗin da ke tsakanin Wazuh da Zabbix, ko ka gyara dokar da ke haifar da shi.

Ina nanata wannan ne saboda abin da ya samu kamfanin Target na Amurka a ƙarshen 2013, lokacin da aka sace bayanan katunan kuɗi kusan miliyan 40. Suna da kayan tsaro na FireEye mai tsada, kuma ya yi gargaɗi. Masu sa ido a Bangalore ta Indiya sun gani, sun sanar da hedikwata, amma ba a motsa a kan lokaci ba. Kayan aiki ya yi nasa, a hannun mutane abin ya tsaya.

Haɗin kansa ba shi da wuya. A ɓangaren Zabbix ka buɗe sabon masauki (host, gurbin da Zabbix ke ba kowace na'urar da yake lura da ita) na musamman don tsaro, ka sa masa ma'aji (item) irin na trapper mai karɓar rubutu, wato wanda ba ya fita neman bayani, jira yake a kawo masa ta ƙofa ta 10051. A gurbin da ake rubuta waɗanda aka yarda su aiko, sa adireshin sabar Wazuh kaɗai, kuma ka rufe hanyar da makullin PSK, wato makullin sirri da ɓangarorin biyu kaɗai suka sani. A ɓangaren Wazuh ka ƙara sashen integration a cikin ossec.conf, ka faɗi matakin da za a fara turawa daga shi, ka ce tsarin saƙon json ne. Ɗan shirin da za ka rubuta zai zauna a /var/ossec/integrations/, sunansa dole ya fara da custom-, mallakar root da rukunin wazuh, izininsa 750. Abu na farko da Wazuh ke miƙa masa shi ne hanyar fayil ɗin da gargaɗin ke ciki. Ya karanta, ya tsinci abin da ake so, ya miƙa wa zabbix_sender, shirin da ke aika bayani zuwa Zabbix. Sai ka sake tayar da wazuh-manager. In ka ga an amsa maka da cewa an kasa karɓar saƙo ɗaya, kusan kullum ɗayan uku ne: sunan masaukin bai yi daidai harafi da harafi ba, ko ka yi amfani da sunan da ake gani a allo maimakon na ainihi, ko kuwa ka yi gaggawa, Zabbix bai riga ya ɗauko sabon saitin ba. Ba shi minti ɗaya ka sake.

A wajen ƙa'idar da za ta tayar da matsalar a Zabbix ne za ka tuna da maganar maigadi. Saita ta ta buɗe sabuwar matsala ga kowane saƙo, ka hana ta rufe kanta, ka ba da damar rufewa da hannu. Mutum ne zai duba, ya rubuta abin da ya gani, sannan ya rufe. Ka kuma maƙala mata alamar tsaro, don saƙon ya tafi ga wanda ya dace ba ga duk ma'aikatan sashen ba.

Akwai abu biyu game da ɗan shirin nan da nake so ka riƙe da kyau. Rubutun da ke cikin gargaɗi, wani sashensa ɓarawon ne ya rubuta shi da hannunsa. Sunan da ya gwada shiga da shi, shi ya zaɓa. In ka ɗauki wannan rubutu ka liƙa shi kai tsaye cikin umarnin da za a zartar, ka ba shi damar ya sa sabar tsaronka ta yi masa aiki. Miƙa kowane bayani a matsayin abu mai zaman kansa, kada ka jona su su zama layin umarni ɗaya. Na biyu, kada ka tura cikakken layin rajista. Sau da yawa ma'aikaci kan yi sauri ya rubuta kalmar sirrinsa a gurbin suna, ta shiga rajista a fili. In ka tura ta Zabbix, daga can ta bi Telegram ta sauka a wayar mutum biyar. Lambar doka, matakinta, bayaninta, sunan na'ura, adireshin da aka fito da lokaci sun isa. Mai son ƙari ya shiga Wazuh.

Dalilin da ya sa na ce ka buɗe masauki na musamman, wani dare ne ya koya mini shi, kuma har yau yana damuna. A wata ma'aikata na liƙa gargaɗin tsaro a jikin masaukin kowace saba, don ya fi kyan gani. Ranar wata Asabar suka sa rukunin sabobin cikin lokacin gyara, abin da ke sa Zabbix ya danne kira har a gama. Ya danne har da na tsaro. Cikin daren wani ya yi ta gwada asusun wani ma'aikaci da ya bar aiki, ya kuma dace. Wazuh ya gani, ya aika, Zabbix ya karɓa ya yi shiru kamar yadda aka umarce shi. Da safiyar Litinin na ga layin a zaune a tarihi, da lokacinsa, da komai. Allah ya taƙaita, asusun ba shi da iko mai yawa, amma na san abin da zai iya faruwa. Lokacin gyara shi ne lokacin da ƙofofi suka fi zama a buɗe, don haka masaukin tsaro ba ya shiga gyara tare da kowa.

Sai maganar shiru, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro a wannan aiki. Ranar da gadar ta karye ba za ka ji ƙara ba. An sabunta Wazuh, ko izinin fayil ya sauya, ko wani ya taɓa katangar wuta, wato firewall, ya toshe 10051, allo zai zauna kore shar, kowa yana murna an samu zaman lafiya. Maganinsa ka sa wa gadar bugun zuciya. A ɗaya daga cikin na'urorin, ka sa cron, shirin da ke gudanar da aiki a kan lokacin da aka tsara, ya rubuta wani layi na musamman a rajista duk minti goma. Ka rubuta doka taka a local_rules.xml, lambarta daga 100000 zuwa sama kamar yadda aka ware wa dokokin gida, mataki na 3, ta kama layin. Ka ƙara sashen integration na biyu da zai tura wannan doka ita kaɗai zuwa wani ma'aji daban, sannan a Zabbix ka yi amfani da nodata: in minti talatin ya wuce ba a ji bugun ba, a yi kira da babbar murya. Amfanin bin wannan doguwar hanya shi ne bugun ya ratsa duk inda gargaɗin gaske zai ratsa, daga na'ura zuwa manajan Wazuh zuwa ɗan shirinka zuwa allo. In ka tura shi kai tsaye daga cron zuwa Zabbix, cron kawai ka gwada.

A nan kuma za ka ci ribar haɗin da ba ka ma tambaya ba. Idan aka ɗauke wuta a wani reshe batir ya ƙare, wakilin Wazuh, wato shirinsa da ke kan na'urar, zai yanke, doka ta 504 ta fito, Zabbix ma zai ce na'urar ta ɓace. Bakinsu ya zo ɗaya, maganar wuta ce, ba sai an kira mutum sau biyu ba. Amma in Zabbix yana ganin na'urar garau tana amsawa, wakilin Wazuh kuwa ya mutu, to wannan abin tashi tsaye ne, domin wanda ya shigo da mugun nufi yakan fara da rufe bakin maigadi. Sa Zabbix ya riƙa ƙirga wazuh-agentd, wato wakilin, a kowace na'ura da proc.num, mai ƙirga shirye-shiryen da ke gudana, ya kuma lura da manajan kansa da faifansa. Ka daidaita agogon sabobin duka da NTP, tsarin daidaita agogo ta hanyar sadarwa, ka san wanne ke kan UTC, wato agogon duniya, wanne ke kan lokacin Najeriya, don sa'a ɗayar nan da ke tsakani ta isa ta rikita maka bincike.

Kada ka ce musu an gama sai ka gwada da idonka. wazuh-logtest zai nuna maka dokar da layi zai faɗa, amma ba ya tura komai ta gadar, don haka bai wadatar ba. Nemi izinin mai wurin a rubuce, ka zauna a wata kwamfutar, ka gwada shiga da sunan bogi sau takwas a jere, ka ga ko layin 5712 zai fito a allon Zabbix, cikin daƙiƙa nawa. Daga nan ka tsayar da wazuh-manager da gangan, ka ajiye wayar mai tsaron dare a gabanka, ka jira minti talatin ɗin nan. Ka turo mini ɗan shirin in karanta kafin ka ɗora shi, musamman layin da ke kiran zabbix_sender. In Allah ya kai mu Asabar zan biyo ta wurin mu yi gwajin tare.