Muryar amsa kan kujerar lilon da Yaya ya turo

Assalamu alaikum. Yaya, na ga hoton kujerar lilon, har da tambayarka ko wane kafinta ne ya sassaƙa waɗancan murɗe-murɗen da ke gefenta. Ni dai na san abin da kake son ji shi ne ko ta asali ce, to tsaya in gaya maka.

Ba sassaƙa ba ce, lanƙwasa itacen aka yi. Wani Bajamushe ne, Michael Thonet, haifaffen garin Boppard a 1796, ya koma Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1842, shi ya fito da dabarar. Ana turara sandar itace da tururin ruwa har ta yi laushi, a ɗaura mata siririn ƙarfe ta baya don kada ta tsage, a lanƙwasa ta a cikin ƙirar ƙarfe, a bar ta ta bushe a haka. Kujerar lilonsa ta farko 1860 ta fito. Kafin ita akwai kujerarsa ta zama mai lamba 14, ta 1859, katako 6 ne kacal da 'yan notina, ana kwance guda 36 a cusa a akwati ɗaya, shi ya sa ta cika duniya.

Yanzu juya taka ka leƙa ƙarƙashin mazaunin, ko akwai takardar kamfani ko tambari. Kuma ka bi jijiyar itacen da ido, in ta bi lanƙwasar ba ta yanke ba, to turarawa aka yi. Amma fa ko da hakan, ba lallai ta kamfanin Thonet ba ce, don tun 1869 haƙƙin mallakar dabarar ya ƙare, kamfanin Kohn da wasu suka shiga yi.

Abu ɗaya kawai nake roƙo, don Allah kar ka kai ta a yi mata fenti. Tamu ta gida haka wani kafinta ya yi mata. Saƙar mazaunin ce kawai ta huje, wallahi ya ɓalle ta, ya buga allo da ƙusa, ya lafta mata jan fenti har cikin murɗin, wai ya gyara. Ƙusar ta tsaga zoben mazaunin, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Kuma ya karɓi kuɗinsa cif... kai, a bar maganar.

Ka turo min hoton ƙasan da daddare.