Amsa: Okonomiyaki na Osaka ko na Hiroshima?

'Yar'uwa, kin tambaya wane okonomiyaki (wata wainar fulawa da kabeji ta ƙasar Japan) ya fi sauƙin yi a gida, na birnin Osaka ko na birnin Hiroshima. Fara da na Osaka, domin komai a kwano ɗaya ake haɗawa: fulawa, ƙwai, romon dashi (romon Japanawa na busasshen kifi da ciyawar teku) da kabeji mai yawa da aka yanka siriri. Kada ki juya ƙullin da yawa, zai yi tauri. Ki soya a kasko kan wuta matsakaiciya, kamar minti 5 kowane gefe, kuma kada ki danne shi da cokali.

A Osaka naman alade suka saba ɗorawa, ke ki sa jatan lande ko naman sa yankakke fale-fale.

Na Hiroshima kuwa hawa-hawa ake jera shi, har da taliya, juya shi sai hannu ya saba.