Yadda Muke Yi Da Kirsimeti A Gidan Kawunnanmu Tonawa

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaisuwa, a gaida Hajiya da yara. Na ga saƙonka a kan hoton da aka ɗauke mu a ƙauyen su Inna ranar Kirsimetin bara, wanda ka hango koriyar kwalba a kan benci can bayanmu. Ka ce abin ya tsaya maka a rai, kana tambaya ko haka mutanen zango suke zama a inda ake shan giya. Ban ji haushi ba. Da a Kano na tashi, inda Hisbah ke tara kwalabe ta farfasa a bainar jama'a, da ni ma na yi wannan tambayar. Kwalbar dai ta giya ce, ba zan ce maka lemo ne ba.

Ka san goro ne ya kawo kakanmu Kumasi. Ya tarar zango ya riga ya kafu, cike da waɗanda suka gangaro daga Salaga bayan yaƙin 1892 ya watsa kasuwar garin. Baba a nan aka haife shi, ya auri Inna, Batoniya, wato 'yar ƙabilar Ashanti, daga wani ƙauye kusa da Mampong, ta musulunta kafin aure. Abin da ba kowa ya sani ba a can gida shi ne, Tonawa ta wajen uwa suke ƙirga dangi. Zuriyar uwa suke kira abusua, kuma a wurinsu ni ɗan gida ne, ba baƙon da ya zo gaisuwa ba. Yayan Inna, wanda muke kira Wofa, wato kawu, a al'adarsu maganarsa a kanmu ta kusa kai ta uba. Shi Kirista ne, yana kuma sha. A ƙidayar 2021 Musulmi kusan kashi 20 ne cikin ɗari a Ghana, Kirista sun haura kashi 70. Ku a Kano kuna da Sabon Gari a gefe, wanda bai so ba sai ya je ba. Mu a nan mu ne Sabon Garin, kuma da yawanmu jini ya haɗa mu da masu gari.

Giya a wurinsu ta shiga cikin komai na al'ada. Neman aure da kwalbar giyar shinaf ake buɗe shi. Makoki da ita ake yi. In dattijo zai yi roƙo ga kakanni, sai ya riƙa tsiyaya ta a ƙasa yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ga bammi, ga akpeteshi da ake tacewa daga bammi ko rake, wadda Turawa suka haramta, ba a halatta ta ba sai 1962. Saboda haka wanda aka miƙa wa kofi ya ƙi karɓa, kamar ya ƙi karɓar hannu ne. Abin da ya sauƙaƙa mana shi ne Tonawa sun daɗe da sanin Musulmi. Tun farkon shekarun 1800 akwai malamai a fadar Asantehene, sarkin Tonawa, suna rubuta masa wasiƙu da layu. Suna kiran Musulmi Kramo. In ka ce kai Kramo ne, babu dattijon kirki da zai sake miƙo maka kofi.

Kirsimeti su Bronya suke ce mata. Mukan tashi daga Aboabo, unguwarmu a Kumasi, da hantsi, mu isa kafin su dawo daga coci. Akuyar tana ɗaure tana jirana, domin Wofa ba ya yarda kowa ya yanka sai ni, don mu ma mu ci. A gaisa daga dama zuwa hagu, a kawo ruwa, a tambaye mu abin da ke tafe da mu ko da an sani, haka tsarinsu yake. Mu sauke shinkafa da mai da turmin atamfa na goggonni, da jarkar zoɓo, wanda nan ake ce wa sobolo, da lamurje da maiɗakina take haɗawa tun dare. Kuɗi kam ba na danƙa wa Wofa a hannu ranar, na san inda za su je. Hadisin da ya la'anci mai ɗaukar giya da mai sayenta da mai zuba ta muna karanta shi a makarantun zango kamar yadda kuke karantawa, shi ya sa ko yaro ba ma bari a aika ya ɗauko kwalba.

Hadisin da ka kawo, na hana zama a teburin da ake zagayawa da giya, shi ne ya sa muke da namu wurin. Tabarmarmu tana barandar ƙanwar Inna, nan ake kawo mana fufu da miyar akuya. Masu sha suna can gindin mangwaro. In dattijo ya miƙe zai zuba wa kakanni, mu sai mu tashi mu yi alwala, kowa ya san dalili, ba a tanka mana. Da la'asar, lokacin da murya ta fara tashi a gindin mangwaro, mun yi sallama. Kwalbar hoton wani ɗan ƙanwar Inna ne ya ajiye ta da ya zo shiga hoto.

Ba duk malamanmu ne suka yarda da wannan ba. Akwai masu cewa kada a je ranar kwata-kwata, a bari sai washegari ko sabuwar shekara, kuma ina da abokai da haka suke yi. Ko da Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya ziyarci cocin Christ the King a Ankara, wato Accra, lokacin Ista ta 2019, yana cika shekara 100, sai da aka yi ta ce-ce-ku-ce a zango. Ni abin da nake riƙe da shi, Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar ta tambayi Annabi (SAW) game da mahaifiyarta da ba ta musulunta ba, ya ce ta sada zumunci da ita. Ranar Bronya ce kaɗai 'yan'uwan Inna na Ankara da Takoradi suke haɗuwa a gida ɗaya. Ba zan bar tsohuwa ta je ita kaɗai ba.

Duk wannan mai sauƙi ne ga wanda bai taɓa sha ba. Wahalar tana wurin ƙanenmu, autan Inna, kuma da izininsa nake gaya maka. A garejin da ya koyi kanikanci ya fara, da ƙananan ledojin giyar bitas da ake cewa maganin ciwon baya ne. Shekara shida yana sha, mu muna rufa-rufa, muna cewa shawara ce ke damunsa. Yau shekara uku ke nan da ya bari. Shi ba zai ce Kramo ne a ƙyale shi ba, don 'ya'yan Wofa da su ya sha. Su ne masu cewa ɗan kurɓi ɗaya ba komai, yau rana ce ta farin ciki. Ba da mugunta suke faɗa ba, amma kurɓi ɗayan nan shi ne zai mayar da shi inda ya fito.

Shekarar farko bai je ba, muka ce yana gaisuwa. Kafin ta biyu na tafi ƙauye ni kaɗai na zauna da Wofa, na gaya masa gaskiya duka. Ya yi shiru har na zaci ransa ya ɓaci. Da ranar ta zo, sai ya tara samarin gidan ya ce daga yau giya ta zama aciwade ga wannan yaro, wato abin da aka hana mutum har abada, irin wanda Batone ba ya wasa da shi. Ya ce duk wanda ya miƙa masa kofi da shi ya yi. Mai sha ne ya yi wannan, Yaya, kuma ya yi abin da ni na kasa yi shekara shida.

Duk da haka ba ma sakaki. Sai ya ci ya ƙoshi kafin mu fita, don yunwa da gajiya su ne suke taso masa da sha'awar. Shi yake tuƙa mota, makulli yana aljihunsa. Kofin zoɓo ba ya barin hannunsa, don hannun da yake riƙe da abu ba a miƙa masa wani. Yakan tafi bayan gida ya taya mata dakan fufu, inda warin ba ya kaiwa. Mun yi da shi cewa duk sa'ar da ya zo ya tsaya kusa da ni ya ce Inna ta gaji, to tafiya ta yi, ko da ba a gama ci ba. Bara ƙarfe biyu ya faɗa, muka tashi.

Abin da ya fi ba ni tsoro a kansa ma ba Bronya ba ce, daren Sallah ne a cikin Kumasi. A ƙauye kowa ya san halinsa, ana tsare shi. A zango kuwa kunya ta hana a faɗa, samari su ci ado su ɓace bayan isha'i, iyaye su yi kamar ba su san inda aka nufa ba. Na san ku ma kun ga irin wannan da kodin kafin a hana shi a 2018. Shi ya sa daren Sallah a gidana yake kwana.

Da Babbar Sallah su Wofa ne suke zuwa Aboabo. Bai taɓa shigo mana da kwalba ba, bai kuma taɓa zuwa da warinta ba. Ya ci tuwo da soyayyen nama, ya tafi da cinyar rago a leda. In Allah ya kawo ka Disamba, ka biyo mu ka gani da idonka, in kuma zuciyarka ba ta kwanta ba sai mu kai ka ka gaida shi washegari. Inna tana gaishe ka, ta ce a turo mata daddawa da kuka in an samu mai zuwa.