Ku Tambaya, Mu Amsa: Zagayen Wuraren Tarihi a Faris

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Jidda, da fasfon Nijar da iƙama (takardar izinin zama a Saudiyya). Ina da kwana uku a Faris bayan na gama harkar da za ta kai ni, kuma ina so in ga hasumiyar Eiffel da manyan gine-ginen tarihi. Ta ina zan fara?

Amsa: Alhaji, ka fara daga takardu. Mai iƙama yana neman bizar Shengen, wato ta shiga Faransa da wasu ƙasashen Turai, a nan Saudiyya, ba sai ya koma gida ba. Kuɗinta Yuro 90 ne ga babba, ban da ladan ofishin da ke karɓar takardun. Za a nemi inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, da shaidar masauki, da tikitin dawowa, da fasfon da ke da sauran aƙalla wata uku bayan ranar da za ka bar Turai. Ana iya shigar da takardu tun saura wata shida, saboda haka kar ka bari sai ƙurarren lokaci, musamman gabanin hutun bazara da layi ke yin tsawo. Sai bizar fita da dawowa ta Saudiyya: ka lissafa kwanakinta da rara. Jirgi na iya ɗaga tafiya, kuma idan bizar ta ƙare kana waje, dawowarka ta koma hannun kafil, wato wanda ya tsaya maka a Saudiyya.

In ka sauka, kar ka ce sai ka ga komai. Manyan abubuwan suna jere a kan layi ɗaya miƙaƙƙe, daga gidan tarihi na Louvre, ta lambun Tuileries, zuwa dandalin Concorde, ka haura titin Champs-Élysées har babbar ƙofar nan ta Arc de Triomphe. Kilomita uku ne da 'yan kai. Ka ba shi yini guda a ƙafa, da takalmi mai taushi, domin duwatsun da aka shimfiɗa a wasu titunan ba sa raga wa silifa.

Ƙofar ita ce inda baƙi suka fi yin kuskure. Napoleon ne ya ba da umarnin gina ta a 1806, ba a gama ba sai 1836, kuma tana tsakiyar shataletalen da tituna 12 ke zubowa cikinsa. Kar ka kuskura ka tsallaka ta sama, motoci ba sa tsayawa. Akwai hanyar ƙarƙashin ƙasa daga bakin Champs-Élysées, ita za ka bi. Matakala 284 ne zuwa rufin, masu murɗewa, don haka mai ciwon gwiwa ya nemi ma'aikata su sa shi a lif. Da ƙarfe shida da rabi na yamma kullum ana bikin hura wutar da ke kan kabarin sojan da ba a san sunansa ba, lokacin ana tsayar da jama'a a gefe na ɗan lokaci.

Hasumiyar Eiffel kuwa, wadda aka gama a 1889, tsawonta mita 330, ka ware mata safiya. Ka sayi tikiti ta intanet a shafin hasumiyar kanta, mai ɗauke da sa'ar shiga. Idan na lif ya ƙare, akwai na matakala mai rahusa, taki 674 zuwa hawa na biyu, kuma a ganinmu daga nan garin ya fi fitowa sarai fiye da can ƙololuwa. Ana rufe ƙololuwar in iska ta yi ƙarfi. Ba a shiga da babbar jaka ko wuƙa, ko 'yar ƙaramar yankan farce, kuma babu wurin ajiya. Katin Paris Museum Pass yana shigar da kai Louvre da Arc de Triomphe, amma ba ya aiki a hasumiyar. Louvre a rufe yake ranar Talata.

Sai 'yan sane. Wadda ta tare ka da takarda wai ka sa hannu don taimakon kurame, da wanda ke son ɗaura maka zare a hannu, da masu cacar kofi uku a gindin hasumiya, duk ka wuce ba tare da ka tsaya ba. Aljihun gefe na jallabiya a buɗe yake, ka mayar da fasfo da waya aljihun ciki.

Tambaya: Ni mazauniyar Madina ce, zan raka maigidana. Na ji an ce an hana niƙabi a can. Gaskiya ne? Kuma ina za mu riƙa yin salla in muna yawo?

Amsa: Hajiya, gaskiya ne. Dokar da ta fara aiki a Afrilun 2011 ta hana rufe fuska a bainar jama'a, tarar tana kaiwa Yuro 150, kuma baƙuwa ba ta tsira ba. Hijabi da abaya kuwa ba wanda zai tare ki a kansu a titi ko a gidan tarihi. Gara ku yanke shawara ke da maigida tun kafin a sayi tikiti.

Salla tana son shiri, domin ba kiran salla za ki ji ba, kuma wuraren tarihin ba su da musalla kamar kantunan nan. Babban Masallacin Faris, wanda aka buɗe a 1926 don tunawa da sojojin Musulmi da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana kusa da tashar Place Monge a layi na 7 na jirgin ƙarƙashin ƙasa, hasumiyarsa mita 33. Ku tsara yinin da za ku ga cocin Notre-Dame, wadda ta ƙone a 2019 aka sake buɗe ta a Disamban 2024, ya faɗo da azahar a masallacin, tafiyar kamar minti ashirin ce a ƙafa. Lokutan ma sun sha bamban da na Madina: a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, a Disamba kuwa biyar ba ta cika ba an yi magariba. Hukuncin haɗa salla da ƙasaru, ku tambayi malaminku kafin ku tashi.

Tambaya: Ɗalibi ne ni a Makka. Na ga hoton wani dogon dutse mai rubutun Fir'auna a tsakiyar Faris. Me ya kai shi can? Kuma mutum-mutumin da ke cike da garin, bauta musu ake yi?

Amsa: Malam, dutsen na Masar ne. Daga ƙofar haikalin Luksor aka ciro shi, ya haura shekara 3,000, rubutun jikinsa na yabon Ramsis na Biyu ne. Muhammad Ali Basha, mai mulkin Masar a lokacin, shi ya ba Faransa kyauta, aka kafa shi a dandalin Concorde a 1836. Tsawonsa kamar mita 23, dutse guda ne ba haɗi. In ka je, ka duba gindinsa: an zana da ruwan zinare yadda aka kwantar da shi da igiyoyi, aka loda a jirgin ruwa, aka sake tayar da shi. Ɗan'uwansa yana nan tsaye a Luksor har yau.

Mutum-mutumin da ke dandali da tituna na tunawa ne da sarakuna, da mayaƙa, da marubuta, ba wanda ke musu sujada. Matar da ke tsaye a dandalin République, alal misali, ba wata mace ba ce da ta taɓa rayuwa, alamar jamhuriyar ce, suna kiranta Marianne. Na cikin coci daban ne, wurin ibadar Kirista ne, za ka tarar ana kunna kyandir a gabansu. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da shiga ba, ginin Notre-Dame yana kalluwa daga waje, kuma daga gadar da ke bayanta aka fi ganin ginshiƙan da suka tokare bangon.